Wendell Babba da Wendell Ƙarami

Wendell Ruffin biyu ne a gidanmu da ke birnin Toledo: Baba, da yayana wanda aka sa wa sunansa, muna ce masa Junior. Shi ke riƙe da Baba tun da ɓarin jikinsa ya shanye, yana kuma tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a bayan gari.

Wata Asabar ina soya musu kifi, wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi Wendell Ruffin. Junior ya ce shi ne. Mutumin ya danƙa masa sammaci ya yi gaba.

Wani kamfani ne da ba mu taɓa jin sunansa ba ya shigar da ƙara, wai yana bin dala dubu shida da 'yan kai. Ashe tsohon katin bashin da Baba ya yi jinyar Mama da shi ne kafin ta rasu. Banki ya gaji ya sayar da bashin, wanda ya saya shi ma ya sayar, har ya faɗo hannun waɗannan. Su kuwa suka binciko sunan, suka ci karo da Junior mai albashi.

"Yaya, ka rubuta musu cewa ba naka ba ne," na ce.

"In ce na wa ne, Odessa? In nuna musu tsoho a keken guragu?"

"Ka ce ba naka ba ne, ka ja bakinka. Ai ka iya shiru. Shekara nawa budurwarka Lorraine take jiran ka buɗe baki ka nemi aurenta?"

Ya harare ni, amma ya rubuta amsar, ya kai kotu da kansa.

Ranar shari'a ya tarar da barandar kotu cike da mutane irinsa. Lauyan kamfanin yana tsaye da tulin takardu yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Ya ja Junior gefe cikin fara'a ya ce ya sa hannu zai riƙa biyan ɗari a wata, kowa ya huta. Junior ya ƙi. Da suka shiga gaban alƙali, lauyan ya ce takardun asali na bashin ba su iso ba tukuna. Aka ɗage. Zama na biyu ma haka.

Shi lauyan kullum yana can, aikinsa ke nan. Junior kuwa kowane zuwa asarar kuɗin yini ne. A karo na uku shugaban aikinsa ya ce masa in ya fita, kada ya dawo. Ya buga wayar kotu har ya gaji, ba a ɗauka ba. Sai na je a madadinsa. Magatakardar ta ce ni ba lauya ba ce, ba kuma ni ake ƙara ba, sai dai in zauna in saurara. Ina zaune aka kira sunansa. Na miƙe, ɗan sandan kotu ya yi mini alama in koma. Alƙali ya ba kamfanin gaskiya saboda wanda ake ƙara bai zo ba. Har ranar takardun ba su iso ba.

Aka fara yankar kashi ɗaya cikin huɗu na albashinsa. Dole ya sallami matar da ke zuwa yi wa Baba wanka. Baba ya yi ta tambayar inda ta shiga, Junior yana kauce-kauce, har dai na faɗa masa gaskiya.

Washegari Baba ya sa na ɗauko masa kwat ɗinsa ta zuwa coci da baƙin takalminsa.

"Baba, an riga an gama," in ji Junior.

"Ba a gama da ni ba, don ba a ji ni ba. Tura ni."

Muka kai shi da sassafe, kafin Junior ya shiga aiki. A ofishin magatakarda kansa bai ko kai tagar gilashin ba, sai da Junior ya tallafe shi ya miƙe.

"'Yata, ni ne Wendell Ruffin," ya ce, harshensa na sarƙewa. "Ni na ci bashin. Matata na yi wa magani. Yaron nan bai taɓa ganin katin ba."

Matar ta duba kwamfuta, ta dube shi. Ba ta yi masa tsawa ba.

"Ka yi haƙuri, Malam Ruffin. An rufe shari'ar. Sai dai ɗanka ya shigar da buƙatar a soke hukuncin, a sa masa rana, ya zo da kansa."

"Wace rana?" Junior ya tambaya.

"Ranar aiki ce dai. Ba ma zama Asabar."

Baba ya ci gaba da riƙe bakin tagar kamar akwai sauran magana. Na bayanmu suka fara gyaran murya. Junior ya zaunar da shi a hankali, muka tura shi baranda. Can Baba ya ce takalmin na matse masa ƙafa. Junior ya durƙusa ya cire masa, ya riƙe a hannu har muka kai mota.