Kartar Baba Akawu

Satina na farko ina koyarwa a makarantar na gano abin da ya hana ta ci gaba: Baba Akawu. Duk sanda na leƙa ofis, yana gaban tsohuwar kwamfutar nan mai ƙatuwar ƙeya yana jera karta a allonta, ja kan baƙi, baƙi kan ja. Fankarta tana gurnani, shi yana murmushi.

Na rubuta wa Hedimasta takarda shafi uku kan ɓata lokacin aiki. Bai karanta ba. Don haka ranar Litinin, Baba ya fita alwala, na zauna na goge wasan.

A ranar ne za a tura sunayen ɗalibai tamanin da shida masu jarrabawar fita, kuma ƙarfe huɗu za a rufe shafin intanet na rajistar. Wanda sunansa bai shiga ba sai baɗi.

Baba ya dawo ya danna turawa, ya nemi kartarsa bai gani ba.

"Malam, kai ne?"

"Ni ne, Baba. Ofis ba wurin wasa ba ne."

"To, madalla." Ya naɗe hannu ya jingina.

Bayan minti goma allon ya yi baƙi. Na taɓa linzamin kwamfutar, shiru. Na bubbuga madannai, shiru.

"Ta yi barci," in ji Baba. "In aka bar ta minti goma ba a taɓa ba, ba ta farkawa sai an zare wayar wuta. Turawar kuma awa biyu take ci. Shekara bakwai da karta nake hana ta gyangyaɗi."

"Ai a saiti ake kashe barcin."

"Bismilla, Injiniya."

Muka zare waya muka kunna. Na kashe barcin a saiti, na yi masa bayani har da nuni da biro. Bayan minti goma ta sake mutuwa. Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce.

A karo na uku ni na zauna. Awa biyu ina kaɗa linzami hagu da dama a kan allon da babu komai sai siririn layin turawa mai rarrafe. Baba yana gefe yana yanke farce.

"Kar ka tsaya, ɗana. Ai aiki kake yi."

Huɗu saura minti tara sunayen suka shiga. Na miƙe wuyan hannuna yana zugi, na tambaye shi a hankali ko yana da kwafin wasan.

"Rubuto takarda," ya ce. "Zan duba."