Faɗin Ɗan Yatsa

Ya ɗora haƙoran zarto a kan bututun farko na sabuwar eriya, sannan ya dakata ya sake duban takardar. A da shi ke rubuta irin waɗannan lambobi da fensir a bayan kwali, wasu su yanka. Yau an miƙo masa su a buge daga kwamfutar 'yarsa, aka ce da shi, cikin ladabi, ai babu mai hannun yanka kamarsa.

Shekara talatin da ɗoriya ana kiransa Mai Eriya a ƙungiyar masu rediyon sha'awa, mutanen da ke haɗa na'urorinsu da hannu su yi magana da na nesa ta iska. Duk eriyar da ke kan rufin ɗakin ƙungiyar shi ya ƙera ta, da awo da kunne da haƙurin a rage kaɗan a gwada. Sai 'yarsa ta fari ta dawo daga karatun injiniya, ta zauna a ƙarshen benci, ta nuna musu yadda ake gina eriya a cikin kwamfuta, a ga inda za ta jefa murya tun ba a taɓa ƙarfe ba. Cikin wata uku ƙarshen benci ya zama kan benci. Shugaban ƙungiyar, tsohon mai sayar da magani, wanda a da yake tare shi tun daga ƙofa da tambayoyi, yanzu yana gaishe shi idonsa na bayan kafaɗarsa, yana tambayar ko Injiniya ta iso.

Ya san sunan abin da ke cin ransa. Yakan nemi gafara a kansa bayan kowace salla, domin hassada ga ɗan wani ma abin kunya ce, balle ga 'yar da ya koya wa riƙe filaya da hannunsa. Sai ya shafa addu'a ya tashi, ya tarar da abin yana jiransa wajen takalmansa.

Jiya ne ta nuna musu sabuwar eriyar, wadda za ta kai muryarsu bayan duwatsu, inda ba su taɓa kaiwa ba. Sanduna shida ne a jere a fuskar kwamfutar, suna shawagi ba abin da ya riƙe su. Nan take ya gane kuskuren. A zahiri sandunan za su ratsa ta cikin dogon ƙarfen da zai ɗauke su, kuma sandar da ta ratsa ƙarfe takan yi aiki kamar ta fi haka gajarta. Dole a ƙara wa kowace kimanin faɗin ɗan yatsa. Ba a littafi ya koya ba, bututan da ya lalata a ƙuruciya ne suka koya masa. Har ya buɗe baki, Shugaba ya ɗaga hannu yana dariya, ya ce Malam ya bari kwamfuta ta gama magana tukuna. Ya rufe bakinsa, bai sake buɗewa ba.

Bututan da za su zama sandunan shida ne cif, wata biyu aka yi ana jiran isowarsu, kuma abin da aka yanke gajere ba ya komawa dogo. Idan ya bi takarda, ba mai ganin laifinsa. Za a ɗaga eriyar, allurar mitar gwaji ta yi tsalle ta nuna akwai matsala, sannan fuskoki su juyo gare shi ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallon wannan juyowar a zuciyarsa, kuma ta yi masa daɗi.

'Yarsa ta zo ta ajiye masa ruwa a gefen teburin, ta durƙusa kamar za ta duba alamar fensir.

"Baba, gabana sai faɗuwa yake yi," ta ce a hankali.

"Ashe kwamfuta ma gabanta na faɗuwa, Uwata?"

Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa bai taɓa kiranta da shi ba. Ta yi 'yar dariyar wanda bai tabbata wasa ake yi ba, ta ciji leɓe, ta koma wajen masu kafa turken eriyar. Ya bi ta da kallo. Sannan ya ɗora ɗan yatsansa a bayan alamar, ya matsar da zarton, ya yi bisimilla. Haka ya yi wa duka shidan. Bai iya tantance ko tausayi ne ya motsa hannunsa ba, ko kuwa girman kai ne na mutumin da ba ya son eriya marar kyau ta fito daga teburinsa.

Bayan la'asar aka ɗaure eriyar a kan turke a saman rufi. 'Yarsa ce ta danna makirfo. Allurar da ke nuna ƙarfin da ya dawo baya ko motsin kirki ba ta yi ba, alamar eriyar ta yi daidai. Ta yi kira sau biyu, a na uku wata murya ta amsa daga bayan duwatsu, tas, kamar daga ɗaki na kusa.

Shugaba ya ce to an gani, lissafi ba ya ƙarya, zamanin lalube ya wuce. Direban da ke cikinsu, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce daga yau sai dai a koma kiran Malam da Mai Zarto. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sai Shugaba ya kawo shawarar a aika wa sauran ƙungiyoyi lambobin nan da sunan Injiniya a sama, kowa ya yanka nasa. Ta ce yanzu ma za ta aika, ta jawo kwamfutar.

Jimla ɗaya ce tak a kan harshensa, cewa ba awon takardar ya bi ba, tef ɗin awo kuma yana aljihunsa. Duk wanda yake so ya ji yana cikin ɗakin, kuma ya san ba za su sake taruwa haka a kan wannan eriyar ba.

"Ki bari a ɗan jima," ya ce. "Ba guduwa za su yi ba."

Ya koma teburinsa ya shiga share garin ƙarfe, ya goge zarton da bai buƙaci guga ba. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa na yi mata barka, wasu suka tuna suka ce masa sannu da yanka. Shugaba ne na ƙarshe, ya daɗe a ƙofa yana yaba ƙwaƙwalwar yaran yanzu. Mai Eriya ya saurari ƙarar babur ɗinsa har ta ɓace a kwanar titi.

Ya fito da tef ɗin ya miƙa mata.

"Hau ki auna su da kanki kafin ki aika, Uwata. Zan riƙe miki tsani."