Firizar Zuleide

Tun tana leƙen teburin uwarta a kasuwar Ver-o-Peso, magana ɗaya aka cusa wa Zuleide a kunne: kifi ba ya kwana. Da asuba ki ɗauki mai ƙyallin ido, in rana ta take idon ya fara dushewa, ki sayar ko nawa aka taya, kafin ungulayen da ke jere a kan rufi su gaje shi. Da wannan ta ci ta sha, da shi ta raini 'ya'yanta, kuma shi ya tsufar da ita kafin lokaci. Abin da ta samu da safe, kuɗin ƙanƙara da karyewar farashin rana su lashe.

Shi ya sa ba ta da wani buri sai firiza. Akwai wata fara doguwa a shagon Seu Osmarino, wadda take zuwa dubawa har ma'aikatan suka san ta. Tana tari a gwangwanin madara, amma duk sanda ta kusa kamo kuɗin, sai farashin ya ƙara gaba.

Graciete ce ta kawo maganar. Aminiyarta ce mai sayar da garin rogo a tsallaken titi, kuma Zuleide ce ta riƙe mata 'ya ranar baftisma.

"Ke 'yar uwa, kuɗin nan naki da ke barci a gwangwani, yaushe zai farka?"

"Barcinsa ya fi mini yawonsa."

"To zauna nan. Surukina ya buɗe mini wani abu a waya, hannun jari. Ki sayi ɗan yanki na kamfanin wutar lantarki, shi ke nan kin zama mai kamfani."

"Ni? Da ƙarnin kifin nan?"

"Waya tana da hanci ne? Ki saya, ki manta da shi, kafin bikin Círio na bana, babban bikin addinin garin nan, firizarki ta fito."

Zuleide ta yi dariya har da riƙe ciki, amma kafin mako ya zagayo ta kai gwangwanin banki, an buɗe mata nata asusun hannun jarin. Ta ji "ki saya" sarai. "Ki manta" ɗin ce ta bi iska.

Da farko abin daɗi. Ta goge hannu a gaban riga, ta dangwala waya, ta ga lambobi kore shar, alamar riba, ta ji kamar ta taka rawa a cikin ruwan kifin. Sai wata rana suka koma ja. Ta duba, ja. Ta fafe wa wata mata kifi ta sake dubawa, ya ƙara yin ƙasa. A idonta, daidai yake da ta ɗaga kunnen kifi ta ga ya fara fari. Kaya na lalacewa a hannu, a tsaya kallo? Kafin ruwan la'asar ya sauko ta sayar da hannun jarin duka, ta sauke ajiyar zuciya, har tana yaba wa kanta da ta tsira da saura.

Bayan 'yan kwanaki ya yi kore, ya ma wuce inda ta saya. Kai! Ga kaya na ƙyalli, wa zai bari? Ta sake saya. Ya dushe, ta sake sayarwa. Sabo turken wawa, haka ta yi ta yi wata da watanni, tana saye da tsada tana zubarwa da araha, ga 'yan kuɗin dillanci da ake gutsura a kowace shiga da fita. Ta lura kuɗin na ramewa, ba ta makance ba. Sai dai duk ranar da ta yi niyyar daurewa, muryar uwarta ta tashi a kanta, yatsan ya danna da kansa. Ba ta gaya wa Graciete ba, don kunya, kuma don kullum tana cewa gobe za ta mayar.

Ana saura kaɗan biki, gari ya cika da baƙi, agwagin girkin biki sun yi tsada, Seu Osmarino ya aiko cewa firiza ɗaya ta rage a tsohon farashi, ya ajiye wa uwargida Zuleide. Graciete ta ƙetaro titi da murnarta, gari fari fat a gashin girarta.

"Tashi mu je, mai kamfani! Ni na ciri nawa zan sauya rufin ɗaki. Mu ga naki."

Zuleide ta yi ta kankare allon yankan kifin da ya riga ya fita tas. Da ta ga ba mafita, ta miƙa wayar. Graciete ta duba, ta matso da ita kusa da ido, ta nisanta.

"An yi miki sata ne?"

"Ba wanda ya taɓa ni. Sayarwa nake yi in ya yi ja."

"Sayarwa? Don me?"

"Yana lalacewa, Graciete."

"Lalacewa! Kamfanin wuta ne zai yi wari? Ke da kanki kike biyan su kuɗin wuta duk wata!" Ta buɗe baki za ta yi dariya, ta ga fuskar aminiyarta, dariyar ta maƙale. Ta zauna a kan akwatin ƙanƙara, muryarta ta yi ƙasa. "Wayyo 'yar uwa. Ni kuwa duk ranar da ya yi ja ƙarawa nake yi. Kamar gari ne lokacin da rogo ya yi yawa, ki cika ɗaki da buhuna ki jira."

Zuleide ta ɗago ta dube ta. Duk watannin nan ba ta taɓa tambayar kanta wa ke kwashe abin da take zubarwa ba. Ashe masu kwasar irin Graciete ne, mai yiwuwa ma ita ɗin ce, tana zaune a tsallaken titi, da kira ɗaya za ta jiyo ta. Baƙin ciki ya kama ta, ba don Graciete ta ci ba, sai don tambaya ɗaya da girman kai ya hana ta ƙetara titi ta yi.

"Bari rufin ya jira," in ji Graciete. "Zan cika miki kuɗin firizar."

"Ruwan sama yana zuba a kan gadon da jikokinki ke kwana. A'a."

"Zuleide..."

"Na ce a'a. In kin wuce ta shagon, ki ce wa Seu Osmarino ya sayar wa mai rabo. Ni ba zan iya kallon idonsa ba."

Graciete ta tafi tana waiwaye. Mai ƙanƙara ya turo kurarsa yana tambayar ko a kawo na gobe kamar kullum. Zuleide ta ce a kawo, ta juya wa mutane baya, ta daɗe tana wanke wuƙa ɗaya.