Sunan Ɗan Fari a Rediyo

A shekarar 1957 ni ke riƙe da makullin ɗakin karatu na Gumel. Sunana Ilu. Ɗakin ba wani babba ba ne, yana bakin kasuwa, da kanta biyu na littattafai, da benci uku, da akwatin rediyo mai batir da hukumar En'e ta sayo. Littattafan da zuciya ɗaya nake kula da su. Akwatin kuwa aiki ne aka ɗora mini: in an yi la'asar in ɗauko shi in aza a taga, fuskarsa na kallon kasuwa, in murɗa. Nan da nan mutanen da ko leƙen ɗakin ba su taɓa yi ba sai su cika gindin tsamiya, har da masu raƙuman hanyar Maigatari.

Cikin littattafan akwai wasu 'yan sirara guda biyu da nake ji da su, don wanda ya rubuta su abokina ne, Malam Muntaka, malamin Yaƙi da Jahilci mai koya wa manya karatun boko. Sunan littafin Gidan Bakin Rijiya, na ɗaya da na biyu. Labarin wani gidan manoma ne, ɗan farin gidan ke ba da shi da bakinsa, tun daga yarintarsa har ya zama mutum. Duk wanda ya karanta ya san gidan su Muntaka ne na Gagarawa, sunaye kawai ya canza. Sai dai waɗanda suka karanta ɗin ba su da yawa. A shekara biyu mutum goma sha ɗaya suka ara, biyu daga cikinsu ma ba su wuce shafi na biyar ba. Na gane ne daga inda dauɗar yatsa ta tsaya.

Da mutanen gidan rediyo suka aiko da takarda suna neman izinin mai da littafin wasan kwaikwayo, Muntaka ya amsa a ranar. Ban ga laifinsa ba. Aka sa wasan duk ranar Lahadi bayan la'asar, kuma kafin a fara sai mai gabatarwa ya ce an ɗauko shi ne daga littafin Malam Muntaka na Gumel.

Tun ranar farko na ajiye littafin a cinya ina bi, ina jin haushi ni kaɗai. 'Ya'yan gidan bakwai ne, rediyo ta mai da su huɗu. Jakin kakansu da Muntaka ya ɓata shafi uku yana ba da labarin mutuwarsa, ko kukansa ba a ji ba. Shekarar da fari ya ci gero suka koma cin ganyen tafasa, an tsallake ta, wai kada a ɗaga wa masu sauraro hankali. Uban gidan a littafi mutum ne da sai ya wuni bai yi magana ba. To a rediyo wanda bai yi magana ba babu shi, don haka suka ba shi tari. Duk inda aka ji tari, Baba na nan. 'Yan kasuwa suka so tarin nan ƙwarai, har mahauta suka koya. Maganar mutanen gidan kuma duk ta koma ta cikin birnin Kano, kamar ba su taɓa riƙe fartanya ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. A littafin ɗan farin ba shi da suna. Shi ke ba da labari, “ni” yake cewa, uwarsa kuma ba ta kiran sunansa, kamar yadda kowace uwa mai kunya take yi wa ɗan farinta. In tana son sa sai ta ɗaga kai ta ce “kai”, ko ta aiki ƙanwarsa. A takarda wannan ba ya hana a gane komai. A rediyo kuwa babu ido, dole a kira mutum kafin mai sauraro ya san da wa ake. Suka duba littafin ba su sami suna ba, sai suka ɗauki na marubucin da ke bangon littafin. Uwar cikin akwatin mace ce mai murya kamar ta mai tallan fura, ta buɗe baki a tsakiyar kasuwar Gumel ta ƙwala kira, “Muntaka, zo ka ɗauke mini tulun nan.”

Uwar Muntaka ta gaske, wadda duk muke kira Iya, tana zaune a jikin katangar ɗakin karatu, inda take sayar da kuka da daddawa tun da ɗanta ya ɗauko ta daga Gagarawa bayan rasuwar mijinta. Shekara talatin da biyar sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. In za ta ambace shi sai ta ce “yayan Larai”. Akwai wani mai awon gero da ke da sunan, shi ma “mai awo” take ce masa. Ta taga na ga ta rufe farantinta da faifai, ta miƙe.

Goggo A'i, mai ƙuli-ƙulin da ke zama kusa da ita, ba ta da mugunta, amma bakinta ba ya hutawa.

“Ina za ki, Iya? Zauna mu ji sauran. Ashe haka kike rangaɗa shi a gida, mu a kasuwa kike mana yayan Larai?”

Matan wurin suka yi dariya. Iya ba ta waiwayo ba.

Lahadi ta biyu an kira sunan sau tara, na ƙirga. Iya ba ta fito kasuwa ba, amma labari ya iske ta har ɗaki. Wata 'yar'uwarta ta aiko tun daga Sule Tankarkar tana tambaya ko gaskiya ne abin da fatake ke faɗi. Ran Talata Iya ta kira matar Muntaka ta ba ta saƙo: a gaya wa maigidan ta aika wa ƙanenta a Gagarawa ya turo jaki ranar Asabar. Za ta koma can ta ƙarasa sauran kwanakinta inda ba a san ta da rashin kunya ba. Ta ɗaure tukwanenta da 'yan tsummokaranta, ta daina cin tuwon gidan.

Washegari Muntaka ya zo mini da hantsi, idonsa ja, da takarda a hannu. Ya rubuta wa mutanen rediyo su cire sunansa ko su daina wasan gaba ɗaya.

“Kafin takardar nan ta isa, su karanta, su yi shawara, Iya ta yi wata guda a Gagarawa,” na ce masa. “Kuma in sun cire sunan, da me za su kira ka? Su ba ka atishawa?”

Bai yi dariya ba. “Ilu, a zatonta ni na rubuta haka. Wai na sayar da mutuncinta ga mutanen birni. Na ce bari in karanta mata littafin ta ji da kunnenta, ta aiko mini da cewa wanda ya rubuta ya san inda zai tsallake.”

“To?”

“Ta ce in kai ne za ta saurara. Wai kai ba ka da wayon yin ƙarya.”

Ban san ko yabo ne ba, amma na ɗauki littattafan biyu na bi shi.

A zaure muka zauna, ni a kan buzu, Iya a kan tabarma can gefe ta ba ni kafaɗa, tana tsince kuka a faifai don kada hannunta ya zauna haka. Muntaka ba shi da wurin zama a ciki, ba ta yarda ta zauna da shi ba. Ya zauna a dakalin waje, inda ake jin komai.

Kwana uku muka yi, kullum daga hantsi zuwa azahar. Da na zo kan jakin sai ta ce, “Ba ja ba ne, gohon jaki ne, kuma ba tsufa ya kashe shi ba, maciji ne.” Na ce haka aka rubuta. Ta ce to a gyara. Shekarar fari kuwa, da na karanta inda uwar ke dafa tafasa tana ce wa yara ita ta riga ta ci, sai tsintar kukar ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Duk inda uwar za ta yi wa ɗan farinta magana ina ɗaga murya don ta ji babu suna. Ran Alhamis da muka rufe littafi na ɗaya ta ce, “A nan dai bai saka ba.” Ba ta kwance kayanta ba.

Ran Juma'a muka kai ƙarshen na biyu. Ni na san abin da ke shafi na arba'in da ɗaya, na kuma san Muntaka ya sani, don tun da muka doshi wurin na ji ya daina motsi a dakali. Raina ya ba ni in tsallake. Amma an kawo ni ne don ba na tsallakewa, saboda haka na karanta yadda yake:

“Ranar da za a tafi da ni makaranta Kano, duk gidan suka fito. Kowa ya kira sunana ya sa mini albarka, har maƙwabta. Uwata tana daka a bayan rumbu. Na tsaya a bakin ƙofa ina gyara igiyar ƙunshina, alhali ba ta kwance ba, ko za ta yi mantuwa ta kira ni. Ba ta yi mantuwa ba. Na san kunya ce, na kuma san daidai ta yi, da ta kira da ni ma na ji nauyi. Amma ga shi na yi gemu ban san yadda sunana yake a bakinta ba, kuma ina so in sani.”

Na rufe littafin. Tausayinsu ya kama ni su biyun, ita a ciki shi a waje, ga katangar ƙasa a tsakani. Iya ta daɗe tana kallon faifan.

“Ba daka nake ba,” ta ce. “Turmin babu komai a ciki.”

Sannan ta tambaye ni:

“Wannan wurin, su na akwatin sun yi shi?”

“Ba su kai nan ba tukuna, Iya. In sun kai ma ban ga abin da za su yi da shi ba. Tasu uwar ta riga ta kira shi ya fi sau goma.”

“Jibi ma za ta kira?”

“Za ta kira.”

Ta kaɗe zanenta, ta tattara kukar wuri ɗaya. Can ta ce, “A Gagarawa akwai irin akwatin nan?”

“Babu, Iya. Sai nan, sai na wani Bature a Maigatari.”

“To.” Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango. A bakin ƙofar shiga gida ta tsaya, ba ta juyo ba. “Ka ce wa yayan Larai, takardar nan da na ji an ce ya rubuta, kada ya aika. Matar nan abincinta take nema, kada a raba ta da shi.”

Ban isar da saƙon ba, don mai saƙon ya riga ya ji. Da na fito na same shi ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, na wuce ban tsaya ba. Jakin Gagarawa ya iso ran Asabar kamar yadda aka yi alkawari, aka ba shi dusa, aka ɗora masa goro da gishiri na gaisuwa, ya koma ba kowa a bayansa.

Ran Lahadi na aza akwatin a taga. Iya ta riga ta fito, ta kuma matsa da farantinta har ƙarƙashin tagar, wurin da rana ke bugawa, wanda ba mai son zama. Goggo A'i ta buɗe baki za ta yi magana, Iya ta dube ta sau ɗaya, ta mayar da bakin ta rufe. Muntaka yana can bayan jama'a a gindin tsamiya, tsakanin masu raƙuma. Aka fara wasan, Baba ya yi tarinsa, mahauta suka taya shi. Wata yarinya ta tsuguna gaban Iya tana son sayen kuka, Iya ta cika ludayi za ta juye mata a ƙwarya.

Uwar cikin akwatin ta ce, “Muntaka, ka dawo? Zo ka ci abinci.”

Ludayin ya tsaya a sama. Daga inda nake ina ganin gefen fuskar Iya, na ga leɓenta ya motsa tare da muryar, ba sauti. Yarinyar ta gaji da jira ta ce, “Iya, kukar.” Sannan ta juye mata.