Awarar Ruwan Teku

Ranar Laraba ce, Jidda ta wayi gari da zafin nan mai danshi da ke manna riga a jiki, lokacin da Kawu Muktar ya sake ture kwanon kunu.

"Ya Khala, yau ma ya ƙi," in ji 'yarsa Hikima, haihuwar unguwar Nuzla, wadda Hausarta ke ɗingishi. "Wallah ta'abt, na gaji. Asibiti kuma ba ya zuwa, ba shi da iƙama, takardar zama."

Lubabatu mai awara, maƙwabciyarsu ta ɗakin ƙasa da Hikima ke kira Khala, wato inna, ta durƙusa gefen katifar. "Kawu, me ranka ke so?"

"Awarar Japan."

Duk layin an san labarin. Da ƙuruciya ya yi aikin girki a jirgin ruwa. Wai sun taɓa tsayawa a wani tsibiri, ya bi hanyar ƙauye har wata rumfar katako, inda wata tsohuwa mai doro ke kaɗa madarar waken suya da ruwan teku maimakon ruwan tsami. Samarin layi har suna suka sa masa, Kawu Japan. Ita ma Lubabatu ta sha ce masa, "Kai dai faɗi gaskiya, a kasuwar Bab Makka ta nan Jidda ka ci."

Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Tun da ta zo umara ta maƙale, Lubabatu ba ta wuce kasuwa, don tsoron masu kame. Amma bayan la'asar ta ɓoye jarka cikin abaya ta hau mota zuwa bakin ruwa. Motar sintiri ta gifta tana tsaka da ɗiba. Ta ƙame a tsugune, igiyar ruwa na dukan ƙafafunta, har suka wuce.

Da safe ta markaɗa waken da ta jiƙa, ta tace, ta ɗora a wuta. Ta tsiyaya ruwan tekun da bismillah. Madarar ta yi jim, sai ta tsinke, ta taso fara fat.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe tsohon nan ba ƙarya yake ba."

Daga nan hannunta ya yi abin da ya saba. Ta juye a buhu, ta danne da dutse, ta yanka, ta soya har ta yi ja, ta barbaɗa yaji, ta haura da ita.

Kawu ya daɗe yana kallon farantin.

"Lubabatu, kin kashe ta."

"Kamar yaya? Da ruwan tekun na yi!"

"Ba a matsewa. Ba a soyawa. Daga tukunya sai kwano, da ɗuminta, da ruwanta. Tana rawa a cokali." Ya gutsuri kaɗan don kada ranta ya ɓaci, maƙogwaro ya ƙi karɓa. Hikima ta tara masa hannu ya tofar.

"To me ya hana ka faɗa?"

"Kun taɓa bari na kai ƙarshen labarin?"

Wake ba ya jin sauri, sai ya kwana a ruwa. Ta jiƙa sauran.

Ran Juma'a da hantsi ta kwashe sabuwar awarar daga wuta zuwa kwano, tana hawan bene a hankali kada ta fashe. A kwanar benen ta ga takalman maza jere a ƙofa.

Hikima ce ta fito, idanu jajur. "Khalas, ya Khala. Baba ya rasu bayan asuba."

Lubabatu ta rasa inda za ta ajiye kwanon. Suka zauna a kan matakala. Can Hikima ta ɗebi awarar da cokali ta kai baki, ta riƙe, ta haɗiye.

"Haka ya ce take?"

"Ban sani ba, 'yata. Babu wanda za mu tambaya."

Mudu biyu na wake suka tafi, da cinikin ranar, da mutum ɗaya a duk Nuzla da ya san ɗanɗanon. Kwanon yana tsakaninsu a kan matakala, tururinsa na raguwa.