Turancin Cikin Fili

Takalmin ƙwallo na aro wanda ya fi ƙafarsa girma. Safa. Gajeren wando. Ƙuli-ƙuli a leda, gorar ruwa, da ƙaramar waya mai fasasshen gilashi. Abin da ke cikin jakar Ukasha ke nan lokacin da motar da ta ɗauko shi daga Riruwai ta wuce Tudun Wada ta nufi Kwanar Dangora.

Ya kara wayar a kunne yana sauraron muryar yayarsa Hauwa. Ita malamar firamare ce, kuma da labari ya zo cewa wata makarantar ƙwallo a gefen Bebeji za ta gwada 'yan wasa, amma kocin mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, sai ta ce ita za ta koya masa. Ta zauna gaban talabijin ɗin gidan mijinta makonni, tana tsintar kalmomi daga bakin masu sharhi, tana naɗa masa a waya, kowace da fassararta.

"Referee, alƙalin wasa. Substitute, ɗan canji. Highlights, muhimman abubuwan da suka faru. Live broadcast, ana nunawa kai tsaye. Episode..."

"Wannan kuma na fim ne, Yaya," ya taɓa ce mata.

"Haddace. Ba ka san abin da zai tambaye ka ba."

Ya haddace. Wani dillalin masara da ke matse da shi a kujera ya gaji da jin yana motsa baki, ya ce, "Samari, wuridi kake yi ko jarrabawa?"

"Duka biyu, Baba."

Ba wasa yake yi ba. Mahaifinsa ya yanke magana tun kafin ya fito: in an ɗauke shi, to, in ba a ɗauke shi ba, ya dawo ya shiga ramin haƙar kuza tare da kawunsa, domin gida ba zai ci gaba da ciyar da ƙato mai bin ƙwallo ba. Ukasha ya san ramin. A cikinsa ƙasa ta rufta wa wansu Hamidu, aka zaro shi da rai, amma tun daga ranar sai an ɗauke shi ake kai shi bayan gida.

A Kwanar Dangora ya sauya mota. Da hantsi ya isa.

Filin yana cikin shingen waya, da ƙofar ƙarfe da maigadi. Samari sun cika shi, wasu daga Kano da takalma masu ƙyalli. Kocin dogo ne, da usur a wuya da hular hana-sallah. Mataimakinsa, Mustapha, mutumin Kiru, shi ya raba su gida biyu ya miƙa wa Ukasha jar riga.

"Ina kake bugawa?"

"Tsakiya."

"To shiga. Ka buɗe kunne."

Ƙwallon farko da ta zo masa ya tare ta da ƙirji, ya kauce wa mutum biyu, ya zura ta ta tsakanin masu tsaron baya. Ta gefen ido ya ga kocin ya nuna shi da yatsa yana tambayar Mustapha wani abu. Sunansa ya tambaya. Daga nan komai ya lalace.

Ƙwallo ta sake zuwa. Yana shirin taɓa ta ya ji an kira shi daga bakin layi da murya mai kauri, "Ukasha, man on."

Ya tsaya. Ya juya, ya rusuna kaɗan, ya ce, "Yes, sa." Wani yaro ya zo ta bayansa ya ɗauke ƙwallon kamar ya tsinci kayansa.

Bai yi tunani ba kafin ya tsaya. A gidansu babba ba ya kiran sunanka kana gudu ka ci gaba da gudu. Ka tsaya, ka fuskance shi, ka sunkuyar da kai har ya gama. Hamidu ya taɓa shan mari don ya amsa kiran mahaifinsu yana tafiya. Kuma kalmar da kocin ya faɗa ba ta cikin wayar. Ya laluba kansa, ya tarar da alƙalin wasa da hutun rabin lokaci da nunin kai tsaye, bai tarar da ita ba.

"Ukasha, turn."

Ya sake tsayawa. A wannan karon ya san kuskure ne tun ƙafarsa ba ta gama tsayawa ba, amma wuyansa ya riga ya juya. Aka ƙwace. 'Yan Kano suka fara dariya. Ɗaya ya wuce ta gefensa ya ce, "Ranka ya daɗe, a gaida fada."

Ya ce wa kansa ba zai ƙara juyawa ba ko sunan mahaifinsa aka kira. Gumi ya cika masa ido, takalmin aron yana zamewa a diddige. Ya ƙwato ƙwallo a tsakiyar fili, ya ɗaga kai, hanya a buɗe.

"Ukasha, drop it. Drop, drop."

Bai juya ba, amma bai san abin da ake so ba, kuma rabin zuciyarsa na bakin layi tana jiran a gama magana. Ya riƙe ƙwallon. Mutum uku suka rufe shi, aka tafi da ita, aka ci su.

Usur ya yi ƙara. Kocin ya ɗaga hannu ya faɗi wata kalma, kuma ita kaɗai Ukasha ya gane a duk ranar. Substitute.

Ya zauna a bayan raga har aka tashi. Aka kira waɗanda aka ɗauka, babu shi. Ya bi Mustapha inda yake tattara riguna, ya durƙusa.

"Tashi, ni ba hakimi ba ne," in ji Mustapha. "Kai, ɗan Riruwai, gaisuwa ka zo yi ko ƙwallo?"

"Me yake cewa, Yaya?"

"Na farko, akwai mutum a bayanka. Na biyu, juya da ita, babu kowa. Na uku, mayar da ita baya. Taimakonka yake yi. Ƙafarka ta burge shi, shi ya sa ya riƙe sunanka. Sauran ka ji ya kira su?"

"Na koyi Turanci. Wallahi na koya. Ku tambaye ni ko me."

Ya fara jero kalmomin, da fassara, da sauri. Mustapha ya bar shi ya kai har tallan tsakiyar shiri sannan ya tsayar da shi.

"Wannan na masu zama a kujera ne. A cikin fili ba wanda zai ce maka highlights. Kalmomin nan ba su da yawa, amma da ƙafa ake jin su, kana gudu. Koci ya ce ba shi da lokacin da zai koya wa mutum daina ladabi."

"A sake gwada ni gobe."

"Sai bayan kaka."

"In share fili. In ɗebo ruwa. Ba sai an ba ni komai ba."

"Akwai masu yi." Mustapha ya saɓa buhun riguna a kafaɗa. Ya yi taku kaɗan, ya waiwayo. "Bayan shingen waya dai ba na kowa ba ne. Kullum da safe muna nan, kuma ka ji muryar koci, har titi take kaiwa."

Maigadi ya fara korar mutane. Ukasha ya fita cikin na ƙarshe. Wayarsa ta yi ƙara, Hauwa ce.

"Yaya aka yi? Ya tambaye ka?"

"Bai tambaya ba."

Ta ce, "To ka kamo hanya tun da rana. Baba ya aiko sau biyu. Kawu ma ya zo, ya ce a faɗa maka ya samo maka fitilar goshi ta shiga rami."

Ukasha ya dubi titi. Babu wanda ya sani a garin nan, kuma bai san inda zai kwana ba. A bayansa maigadi ya ja ƙofar ƙarfen, ta rufe, ya zura sakata.

"Ki gaida Yaya Hamidu," ya ce. "Ki ce wa Baba ya yi haƙuri. Ina nan bayan shingen filin ina sauraron koci har bayan kaka, ba zan dawo ba."