Warin Babbaka a Rumfar Gwanjo

Salisu ya zaro zare ɗaya daga gefen rigar sanyin, ya ƙyasta ashana ya kara. Zaren ya narke, ya dunƙule baƙi ƙirin, yana warin leda.

"Kai! Mi kaka yi haka?" in ji Ɗanmalam mai gwanjo, ya miƙe daga kan bencinsa.

"Ka ce ulu ne, Alhaji. Wagga roba ce."

Sana'ar Salisu babbakar kawunan tumaki ce a kasuwar Bodinga. Ba sayen kwalliya ya kawo shi ba. 'Yarsa Khairat, jaririya, wandon robar da ake ɗora mata kan nafkin ya dafa mata cinyoyi har fata ta saɓule. Ko ruwa ya taɓa wurin sai ta shiɗe da kuka. Malamar asibitin Shagari ta ce a jefar da robar. In ba su iya sayen famfas kullum, kuma ba su iyawa, to a nemo tsohuwar rigar ulu na gaske, gashin tunkiya, uwar ta yanka ta ɗinka wando. Shi yana shan iska, kuma ba ya barin fitsari ya jiƙa goyo. In aka ci gaba a haka, wurin zai yi ruwa.

Salisu ya ɗauki riga ta biyu, ya kara wa zarenta ashana. Shi ma ya narke. Ya ɗauki wata.

"Bawan Allah, aje mini kaya! Rumfata ce ko murhun gidanku?"

"Ɗiyata ba ta kwana, Alhaji."

"Ni na hana ta?"

Mutane suka fara taruwa. Wani tela ya leƙo yana dariya, ya ce mai babbaka ya rasa kai ya koma riguna. Ashanar ta kuɓuce daga hannun Salisu ta faɗa kan tulin kayan. Wuta ta lashi hannun wata jar riga, ta kama ta kusa da ita.

Ɗanmalam ya yi salati, ya fizgo tsumman da yake shimfiɗawa kan benci yana zama, wata tsohuwar riga ruwan toka duk huji, ya danne wutar da ita. Ta mutu nan take.

Sai wari ya tashi. Ba na leda ba. Warin ƙonannen gashin tunkiya ne, wanda Salisu ke kwana yana tashi da shi a jikin rigarsa. Ya dubi tsumman: inda wuta ta taɓa ya yi toka, bai narke ba.

Ya kawar da ido. Ya san ɗan kasuwa. In ya ga kana so, tsumma ma sai ya zama kayan Makka.

Ɗanmalam ya shaƙe masa wuyan riga. "Wallahi sai ka biya duk wadda ka ƙona, ko mu tafi wurin Sarkin Kasuwa!"

"Na biya."

"Ba ragi!"

"Ban nema ba."

Ya juye aljihunsa kaf, har da na motar komawa. Ɗanmalam ya watso masa ƙonannun rigunan a ƙirji, yana huci.

Salisu ya tsuguna yana tattarawa a hankali.

"Alhaji, ba ni da leda," ya ce, bai ɗago ba. "Ƙulle mini su cikin wanga tsumman."

Ɗanmalam ya shuro masa shi da ƙafa.